Gwangwanin Gindin Magarya

Duk wanda ya san kasuwar Bab Makka a shekarun da jiragen ruwa ke juye alhazai a Jidda, to ya san Mai Hatimi, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. A jikin bango yake zama, tsakanin wani Bayamane mai yadi da Hajiya Dela mai waina, da ɗan teburinsa wanda faifai biyu za su rufe. A wancan zamani wanda bai iya sa hannu a takarda ba hatimi yake bugawa, shi kuwa aikinsa ke nan: ka faɗi sunanka, ya sassaƙa maka shi a kan tagulla, a juye, yadda in ka dangwala tawada ka buga zai fito daidai. Sunayen da suka bi ta hannunsa Allah kaɗai ya san yawansu, na Jawa da na Indiya da na Turkawa, balle na mutanenmu. Nasa ne kawai bai taɓa sassaƙawa ba.

In ka tambaya a kasuwa za a ce maka sunansa Mahmudu, mutumin Madani ta ƙasar Sudan. To ba Mahmudu ba ne, kuma Madani auduga kawai ya tsinta a cikinta na kaka biyu. Sunansa Na'ibi, ɗan masassaƙin turmi daga ƙasar Haɗeja. Ya shigo ba fasfo ba iƙama, ba kuma kafilin da zai tsaya masa, shi ya sa ya ari suna ya ari gari ya yafa.

Su biyu suka baro gida, shi da ƙanensa Ɗan'azumi. Shekara huɗu suna tafe, yau a ƙasa gobe a bayan motar kaya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙodago su ƙara gaba. Na'ibi ya yi allo, yana rubuta ajami. Ɗan'azumi kuwa ko alifi bai sani ba, sai ƙarfi da dariya, ga shi bahago. Da suka iso bakin teku a 1953, masu kwalekwalen da ke tsallakar da marasa takarda suka raba jama'a gida biyu, aka sa Ɗan'azumi a na farko, Na'ibi a na biyu. Ba yadda ba su yi ba a haɗa su, mai jirgi ya ce ko su shiga ko su bar masa wuri.

Wani tsoho da ya taɓa zuwa ya ba su shawara. Ya ce in an fita Jidda ta hanyar Makka, akwai babban tanki da ake tara ruwan gari a ciki, a bayansa akwai 'yan itatuwa inda masu tafiya a ƙasa ke hutawa. Duk wanda ya riga isa ya jira ɗan'uwansa a nan. Kafin su rabu Na'ibi ya ɗauki ƙwallon goruba ya tsaga shi biyu da 'yar wuƙarsa. A ɓari ɗaya ya sassaƙa jinjirin wata, tunda da azumi aka haifi ƙanen, a ɗayan ya sassaƙa gizago, kayan sana'ar ubansu. Ya ba Ɗan'azumi watan.

"In ka gaji da jira ka shafa masa gawayi ka buga a jikin wani abu," in ji shi. "In na gani na san ka wuce."

"Yaya, kai dai kada ka yi amai a jirgin mutane," in ji Ɗan'azumi, yana dariya. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Iska ta kaɗa kwalekwalen su Na'ibi kudu da nisa, aka sauke su a wani gaɓa da ko tsuntsu babu. Kafin ya iso tankin nan kwana arba'in da wani abu sun wuce, an riga an sauko daga Arfa. Ya duba jikin kowace itaciya da kowane dutse, ya duba bangon tankin har mai gadi ya daka masa tsawa. Ba wata, ba alamarsa.

Wurin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ruwan da ke tsiyaya daga bayan tankin shi ya bi wani ɗan kwari ya raya farar ƙaya kamar talatin, da tumfafiya, da magarya guda uku. Amma a ƙasar da mutum zai yini bai ga inuwar da ba ta gini ba, wannan kurmi ne. Na'ibi ma kurmi yake ce masa. In ya shiga ciki ya ji kukan kurciya, ya ji ƙaya ta kama masa riga, sai ya ga kamar in ya ƙara taku goma zai ɓulla fadamar garinsu.

Da ya samu wurin zama a Jidda, sai ya nemi gwangwanin halawa mai murfi, ya sa ɗan littafin rubutu a ciki, da guntun fensir, da batta mai tsumma jiƙe da tawada. A shafin farko ya buga gizagonsa, bai rubuta komai ba. Ya tona rami a gindin magaryar tsakiya, mai rassa biyu kamar gwafa, ya binne gwangwanin, ya jera duwatsu uku a kai yadda ake kafa murhu. Ya yi wannan ne da dabara. Balarabe in ya gani zai ce duwatsu ne, amma ɗan Hausa ba zai ga murhu a daji ba toka ba gawayi ya wuce bai tsaya ba.

Daga nan duk ɗan ƙasarmu da ya zo yankan hatimi, in an gama, sai ya rage murya ya ce: "Na ji ana cewa in ka kai tankin hanyar Makka, ka ba shi baya ka dubi gabas, ka yi taku arba'in cikin kwari, za ka ga magarya mai gwafa. Akwai murhu a gindinta. Wai masu neman 'yan'uwansu suna barin alama a nan." Kullum "na ji ana cewa" ne. Bai taɓa cewa nasa ba ne.

Kowace Juma'a da an sallame asuba zai kama hanya a ƙasa, kafin rana ta yi zafi ya isa. Ya ɗaga duwatsu, ya hure yashi, ya duba littafi shafi-shafi, ya ƙara wa tsumma tawada don zafin Hijaz ba ya barin ta kwana bakwai, ya mayar ya rufe. Sai ya ɗan zauna ya ci busasshen dabino, ya tari motar kaya ta dawo da shi kafin huɗuba. Ɗakinsa guda ne a bayan wani sito, da tabarma da buta da fitila. Bai yi aure ba. Ya ce sai ya ga ƙanensa tukuna, tukuna ɗin kuwa ta yi ta miƙewa.

Hajiya Dela ce kaɗai ta san inda yake zuwa. Bakatsiniya ce, mijinta ya rasu a Mina tun da daɗewa, ta zauna ta kafa tanda. Tun ranar da ya fara sayen wainarta ta gano shi.

"Wai kai ne mutumin Madani?" in ji ta, tana juya waina da tsinke. "Allah ya shirye ka. Wannan bakin naka ko a rijiya na ji shi na san Bahaɗeje ne. Warin kifi ma bai gama sakinka ba."

"Hajiya, ki rufa mini asiri."

"Na rufa. Wa zai yi tallar bawansa a kasuwa?"

Ka san Katsinawa da Haɗejawa, wasa ne tun na kakanni. Ya ce mata ai Bakatsine ko a Harami ya ga Bahaɗeje sai ya rusuna. Ta ce ya ci waina ya yi shiru. Wannan tsokanar ta safe ita ce kusan duk hirar da Na'ibi ke yi a yini. A hankali ya ba ta labarin Ɗan'azumi da na gwangwani, amma sunansa na yanka bai faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ranar Asabar in ya zo buɗe tebur sai ta ce, "Yaya kurmi? Zakuna sun bar ka ka fito?" In ya girgiza kai, sai ta ƙara masa waina ɗaya.

Abin mamaki, gwangwanin ya yi kasuwa. Shekara ba ta zagayo ba sai ga hatimai a littafin, har da waɗanda shi ya yanka da hannunsa. Wanda ba shi da hatimi ya dangwala babban yatsa. Masu ajami suka riƙa barin saƙo: wance ta Gaya ta wuce Makka ran Talata, ɗanta ya same ta a wurin masu wanki, wane ya rasu a hanya, an yi masa sutura, a gaya wa matarsa. Wani ya bar goro ɗaya, ya bushe ƙamas. Littafi ya cika ya sake wani, ya sake wani. Sau da yawa yana zaune a teburinsa zai ji ana labarin yadda wata ta sami mijinta ta hanyar murhun magarya, ana ta sa wa wanda ya kafa shi albarka, wasu ma na cewa aikin wani waliyyi ne. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goga tagulla. Shi ma ya je Makka ya yi aikin hajji har sau uku, yana ɗawafi yana leƙen fuskokin mutane, bai ga kowa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka kama Usuman tela, maƙwabcinsa. Shi ma ba iƙama. Ya rubuta wasiƙa gida, ya sa sunansa da kwatancen shagonsa a bayan ambulan, wasiƙar ta faɗa hannun masu binciken takardu. Da hantsi aka zo, ko zaren da ke bakinsa bai tofar ba, mako guda aka sa shi a jirgi. Na'ibi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa haɗa sunansa da wurin zamansa a kan takarda ba. Ba komawa gida yake tsoro ba. Abin da yake gani shi ne in aka tsallakar da shi teku, ranar da Ɗan'azumi zai zo gindin magarya ba wanda zai tarar.

Shekara goma sha huɗu ana haka. Wata Juma'a bayan hajjin 1967, ya buɗe littafi yana dubawa kamar kullum, rabin hankalinsa ma yana kan ƙayar da ta soke shi a dunduniya. Sai ga shi a ƙasan shafi, tsakanin yatsan wani da hatimin wani Bazazzagi. Jinjirin wata ne, da 'yar tsagar nan a ƙahonsa na sama inda wuƙa ta zame masa a bakin teku. An danna shi da ƙarfi ta gefen hagu har tawada ta taru a nan, bugun bahago.

Na'ibi ya zauna daɓas a kan yashi. Ya miƙe ya zagaya kurmin yana kiran "Ɗan'azumi! Ɗan'azumi!" kamar mai neman akuya, kurciyoyi suka watse. Tawadar ta bushe, an yi kwanaki da bugawa. Ba rubutu a gefe, ba kwatance. Ya ciro gizagonsa daga layar da ke wuyansa, ya buga a jikin watan har suna taɓa juna. Ranar, sallar Juma'a ta wuce shi a gindin magarya.

Kwana tara bai buɗe tebur ba, kullum yana can daga safe har la'asar. A na tara mai gadin tanki ya sauko ya tambaye shi da Larabci me yake nema a nan kullum, kuma ina takardarsa. Ya ce magarya yake tsinka, ya sulale. Daga nan ya koma zuwan Juma'a.

Dela ta ji labari ta ajiye tsinken waina ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa, har Bayamane ya leƙo. Sannan ta ce, "To me ka rubuta masa?"

"Na buga nawa a kusa da nasa."

"Na ce me ka rubuta?"

"Hajiya, bai iya karatu ba."

"Bakinsa ma ya mutu ne? Ba zai kai wa wani ya karanta masa ba? Ka rubuta Bab Makka, kusa da mai waina, shi ke nan! Ko ka ce ran Juma'a kake zuwa."

"Wanda zai karanta masa na san shi? Littafin nan hannu nawa yake bi? Kin manta Usuman?"

"Usuman yana can garinsu yana shan fura, kai kana nan kana gadin duwatsu. Wallahi tsoron Bahaɗeje ya fi na kaza."

Bai yi dariya ba, ita ma ba da wasa ta faɗa ba. Ya ce tunda Ɗan'azumi ya san wurin, zai dawo, kuma in ya ga gizago zai zauna ya jira. Wanda ya yi haƙurin shekara goma sha huɗu, 'yan makonni ba za su gagare shi ba.

Makonnin suka zama shekara. Bayan hajjin da ya biyo, sai ga watan kuma, an buga shi har sau uku a jere a ƙarƙashin gizagon, duk sun karkata hagu. Na'ibi ya gane ƙanensa ya gani, murna ce ta sa shi bugu uku. Ya ciro fensir ya riƙe, ya daɗe yana kallon farar takarda. Can ya ji motsin mota a kan hanya ta rage gudu, sai ya mayar da fensirin ya buga gizago sau uku.

A shekara ta uku watan ya zo, amma guda ɗaya, a tsaye cak, tawada ta kwanta daidai ko'ina, ba nauyin hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana duba bugun hatimi ba zai kasa ganin wannan ba. Ya gani. Ya ce wa kansa girma ne ya zo, hannu ya yi sanyi, ko kuma wani ciwo ya sa Ɗan'azumi ya koma dama. Bai gaya wa Dela ba. Ta huɗu ma haka, a tsaye, a hankali.

Lokacin duniya ta sake. Alhazai sun koma jirgin sama da manyan motoci, masu tafiya Makka a ƙasa sun ƙare sai ɗaiɗai. Littafin da a da yake cika a wata shida, yanzu sai ya yi wata biyu ba sabon yatsa. Gwiwoyin Na'ibi suka fara ƙara, tafiyar da yake yi kafin hantsi ta koma sai rana ta take. Wata Juma'a a 1971 ya tarar an kafa turaku masu jan ƙyalle sun zagaye kwarin, magarya tana ciki. Wani lebura ya ce masa za a ƙara tanki, bayan hajji za a ja waya a share itatuwan.

Ya zauna ya tono gwangwanin. Duk abin da yake tsoron a raba shi da shi, ga shi za a tumɓuke ba tare da an tambaye shi takarda ba. Ya ɗauko fensir ya buɗe sabon shafi. Ya rubuta da ajami, ya sake rubutawa da Larabci da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai lalubo: Ni ne Na'ibi ɗan Sale masassaƙi, mutumin Haɗeja, yayan Ɗan'azumi. Ina Bab Makka, jikin bango, kusa da Dela mai waina. Ana ce mini Mahmudu Mai Hatimi. Ya buga gizago a ƙasa.

Da ya gaya wa Dela ta dube shi sama da ƙasa. "Na'ibi? Shekara goma sha takwas ina ba ka waina ashe sunan ma na aro ne? To Na'ibin wa, liman ya gudu?" Ta juya ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Ya ɗaure 'yan kayansa a ƙunshi ɗaya ya ajiye a bakin ƙofa, don in an zo kama shi kada ya tsaya nema. Duk mai kaki da ya gifta sai ya bi shi da ido. Wata uku ba wanda ya zo. Aka yi hajji aka sauko.

Ran wata Laraba da hantsi yana goge wani hatimi, sai inuwa ta rufe masa tebur. Wata yarinyar mace ce cikin baƙar abaya, da jariri a kafaɗa, wani saurayi mai kayan direbobi yana tsaye a bayanta. Ta yi sallama da Larabci, ta dubi Dela, ta dubi bango, sannan ta buɗe tafin hannunta ta ajiye abu a kan tebur. Ɓarin ƙwallon goruba ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo.

"Inta Na'ibi?" ta ce. Sai ta gyara da Hausarta mai ɗingishi. "Kai ne Na'ibi? Ni Mastura. 'Yar Ɗan'azumi."

Bai dubi fuskarta ba, bayanta yake leƙe, ko akwai wani a tsaye.

"Yana ina?"

"Allah yarhamu, ya ammi. Shekara uku yanzu. Ƙirji ne."

Dela ta sauke tanda daga wuta ba wanda ya ce ta sauke. Ta shimfiɗa tabarma, ta karɓi jaririn, ta zaunar da Mastura. A nan yarinyar ta ba da labari, rabi Hausa rabi Larabci, in ta maƙale mijin ya cika mata. Ɗan'azumi ya jira wata guda a gindin itatuwan nan, ya buga watansa da gawayi a jikin bangon tanki, aka zo aka yi wa bangon farar ƙasa. Sai aka ce masa kwalekwale na biyu ya nutse. Ya wuce Makka ya zama mai ga-ruwa, ya yi aure, aka haife ta. Sai bayan shekaru ya ji labarin murhun magarya a bakin wani alhaji. Shekara sau ɗaya yake samun saukowa Jidda, in ya rako kayan alhazai tashar jirgin ruwa, a hanyar komawa ya roƙi direba ya tsaya.

"Ran da ya ga gizago ya dawo gida yana rawa," in ji ta. "Ya ce akhuya, ɗan'uwana, yana da rai! A wannan zuwan ya kwana biyu a wurin. Ya shigo Jidda, har nan Bab Makka, yana tambaya wa ya san Na'ibi Bahaɗeje mai sassaƙa turmi. Aka ce ma fi, babu."

Na'ibi ya dubi hanyar da ke gaban teburinsa, inda dubban mutane ke wucewa kullum shi kansa a sunkuye.

"Ke kin yi makaranta?" Dela ta tambaya.

"Na yi."

"To me ya hana ki rubuta masa inda kuke?"

"Na ce zan rubuta, ya hana. Ya ce ba shi da iƙama, askar, 'yan sanda, ma sun iya karatu. Ya ce yayana mai ilmi ne, in rubutu ba haɗari da shi zai fara. Da zai rasu ya ba ni wannan, ya ce kowace shekara in je in buga, kada yaya ya ga babu ya ce an manta da shi. Ya sa na rantse ba zan rubuta komai ba sai an fara rubuto mana."

Dela ta buɗe baki, Na'ibi ya jira abin da za ta ce game da Haɗejawa. Ta ci gaba da jijjiga jaririn.

Ya ciro nasa ɓarin daga laya ya haɗa da na ƙanensa. Bakin ya ɗan cinye, amma suka zauna da juna. Ya tambaya inda aka binne shi, ko zai je ya tsaya a kai. Mastura ta ce a Makka ne, amma ya san yadda kaburburan can suke, ba suna ba alama, ita kanta ba za ta iya nuna wurin ba.

"Ya ammi, ka zo ka zauna da mu. Akwai ɗaki."

"Baffa ake cewa," in ji shi.

"Baffa," ta ce, tana gwada kalmar. Ta nuna jaririn. "Sunansa Na'ibi. Abuya, babana, ya ce a sa masa haka in namiji ne."

Ya karɓi yaron ya riƙe shi a karkace, irin riƙon wanda bai saba ba, har Dela ta ce ya kawo kafin ya karya wa mutane takwara. Ya ce zai zo Makka, in sha Allahu, amma ba wannan makon ba. Mijin ya ce yalla, a tafi, mota tana kan hanya an tare wa mutane wuri. Mastura ta bar masa watan.

Ran Juma'a ya fita bayan asuba kamar yadda ya saba. An riga an fara jan waya ta gefen tanki, motar rusau tana ajiye an rufe ta da tamfol, ma'aikata suna hutun Juma'a. Ya ba tanki baya, ya dubi gabas, ya ƙirga taku arba'in ko da yake ƙafarsa ta san wurin. Ya ɗaga duwatsu ya ciro gwangwani. A ƙarƙashin rubutunsa akwai wata guda a tsaye, bugun Mastura na ƙarshe. Ya jiƙa tsumma, ya kama watan da hannun hagu, ya danna shi da ƙarfi yadda mai shi yake yi. Bai fito daidai ba, ya sake, na biyun ya ɗan yi kama. Ya buga gizago a gefensa.

Ya tsinki 'ya'yan magarya cikin aljihu don ya kai wa Dela. Duwatsun ya bar su a jere yadda suke. Ya saɓa gwangwanin a hammata ya hau kan hanya, ya tsaya yana jiran motar da za ta tsaya masa. Biyu suka wuce, sai ya fara takawa.